Tallafin iyali da naƙasassu a Tawa: abin da doka ta ba su da abin da ke isa gida

Wanda ya zauna ya karanta dokokin Nijar zai ɗauka naƙasasshe a ƙasar nan ya haye. Tun watan Maris na 1993 aka fitar da dokar farko da ta tsara kariyar da hukuma za ta ba su, aka yi mata gyara a 2010. A watan Yuni na 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A Disamba 2019 kuma aka kafa doka mai lamba 2019-62. Cikin abubuwan da aka tanada akwai kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a duk ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye, da sauƙin kuɗin asibiti, da haƙƙin karatu, da gina wuraren jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Har rana aka ware musu, 31 ga Yuli, ban da ta duniya ta 3 ga Disamba.

Amma ka je Badagishiri ko Keita ka samu uwar da ke goye da yaro ɗan shekara shida wanda bai taɓa takawa ba, ka tambaye ta wace ƙofa ta taɓa ƙwanƙwasawa. Sau da yawa amsar ita ce: “Wallahi, Malam, ba mu san ana yi ba.” Ba ƙarya take yi ba, kuma ba sakaci ba ne. Taimakon yana nan, sai dai a warwatse yake: wani a asibiti, wani a ma'aikatar magajin gari, wani a hannun ƙungiya, mafi tsadarsa kuma a Yamai. Babu wanda aikinsa shi ne ya haɗa mata su wuri guda. Abin da ke biye ƙoƙari ne na bin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, a ga abin da ke bayan kowace, da inda take cijewa.

Tun daga ƙidaya ake fara ɓata lissafi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce naƙasassu kashi 4.2 ne cikin 100 na ƴan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ƙiyasin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya na rayuwa da wata naƙasa mai nauyi. Ba wai Nijar ta fi sauran duniya lafiya ba ne, ƙasar da sanƙarau ke ratsawa kusan kowane rani yana barin yara da kurumta. Mai ƙidaya ne ke tsayawa a zaure ya tambayi maigida, maigida kuma ba zai ambaci ɗiyar da ke da farfaɗiya ba saboda yana tunanin aurenta da na ƙannenta. Wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kasafi.

Ƙofar farko ba asibiti ba ce, takardar haihuwa ce. Dokar 2019 kan rajistar jama'a ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, kuma kyauta ne. Ana iya yi a likitar da aka haihu ko wajen wanda aka ɗora wa aikin a gari, daga baya a je ma'aikatar magajin gari a karɓi takardar. A nan mutane da yawa ke tsayawa: an rubuta sunan, ba a koma an karɓa ba. Idan wa'adin ya wuce sai an bi ta wajen alƙali, ko a jira lokacin da alƙalai ke fita ƙauyuka suna yi wa jama'a a taro. Yaron da aka haifa da naƙasa shi ya fi faɗawa wannan rami, don iyaye kan ce ai ba lakwal zai shiga ba, me zai yi da takarda. Ranar da za a buƙace ta kuwa, ranar da wani furoje ya zo rubuta sunaye ce, ko ranar jarrabawa, ko ranar da za a tabbatar bai kai shekara 5 ba.

Wannan shekara 5 ɗin tana da muhimmanci. A zamanin Tandja Mamadu, tsakanin 2005 da 2006, gwamnati ta mai da tiyatar fidda jariri kyauta, da awon ciki, da tsarin iyali, da jinyar duk yaron da bai kai shekara 5 ba. Tsarin shi ne likita ta duba yaro ta ba shi magani, ta rubuta takardar kuɗi ta aika, gwamnati ta biya ta daga baya. Matan da a da sai ciwo ya ci ƙarfin yaro suke fitowa suka fara zuwa da wuri, wannan kam babu mai musu. Inda gizo ke saƙa shi ne biyan. Gwamnati ta riƙa jinkiri, bashi ya taru har miliyoyi dubbai na sefa, ɗakunan magani na likitoci suka bushe. Sakamakon shi ne maganar da kowace uwa a Adar ta haddace: “Dubawa kyauta ce, amma babu maganin, ki je farmasi.” Ma'aikacin da ya faɗa mata haka ba lalle ne ya ci komai ba, kantarsa ce ba kowa. Daga 1 ga Satumba 2024 hukumomi sun rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati, sun kuma mai da haihuwa kyauta. Sauƙi ne na gaske ga aljihu. Ɗorewarsa kuwa ta rataya ne a kan tambayar da ta kayar da na farko: wa zai cike wa asibiti gurbin kuɗin, kuma yaushe?

Akwai wani ofishi da ya kamata kowa ya sani, amma kaɗan ne suka san shi. A manyan asibitoci, har da na jiha da ke Tawa, akwai sashen jin ƙai da ake kira sarbis sosiyal. Aikinsu shi ne su binciki halin majinyacin da ba shi da ƙarfi, su nema masa ragi ko yafiya. Galibi za su nemi takardar shaidar rashin ƙarfi daga ma'aikatar magajin gari, naƙasasshe kuma ya nuna shaidar naƙasarsa. Shawarata ga duk mai jinya ita ce ya nemi ofishin nan ranar da aka ba shi gado, kada ya bari sai ranar sallama, lokacin da lissafi ya riga ya hau. Kuma ya sani cewa yafiyar ta fi tsayawa a kan kuɗin gado da dubawa. Maganin da babu shi a asibitin, aljihunsa ne.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Naƙasa da yawa da muke gani a titi ba ƙaddarar da ba ta da magani ba ce, jinkiri ne ya mai da su haka. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe, idan aka fara da wuri, ana gyara ta da filasta da ake sakewa kowane mako har wajen mako shida zuwa takwas, sai ɗan yanka kaɗan a agara, sai takalmi na musamman da zai riƙa kwana da shi har ya kai shekara huɗu ko biyar. Idan aka bar shi ya girma yana taka gefen ƙafa, sai babbar tiyata. Yaro mai farfaɗiya, ƙwaya mai araha da ake sha kullum tana iya tsayar da faɗuwar. Idan aka ce iska ce, aka hana shi cin abinci da sauran yara don tsoron miyansa, alhali cutar ba a ɗaukarta, wata rana zai faɗa murhu, ƙunar ta warke ta haɗe masa yatsu ko ta manne masa hannu da ƙirji. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda a ƙauye kafin a samu mota, ita ce gobe mai yoyon fitsari.

Duk waɗannan akwai masu gyara su a ƙasar nan. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana aikin murɗaɗɗiyar ƙafa, da tsagaggen leɓe, da tabon ƙuna, ba tare da an caji iyaye kuɗin tiyata ba. Akwai cibiyar ƙasa ta masu yoyon fitsari a Yamai, akwai ta Danja kusa da Maraɗi. A cikin jiharmu akwai asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, da cibiyar uwa da yaro ta Tawa. Masu taɓin hankali kuwa kowa ya san sunan Pavillon E na babban asibitin Yamai, har ya zama abin tsokana a bakin matasa, abin da ke ƙara sa iyali su gwammace ɗaure mutum a ɗaki da a ji sun kai shi.

To amma a yi lissafin abin da ake kira kyauta. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Mai fitowa daga Abalak ko Cintabaradan ya ƙara nasa a kai. Yaro ba ya tafiya shi kaɗai, kuɗin mota na mutum biyu ke nan, zuwa da dawowa, kuma aikin ƙashi ba a gama shi a zuwa ɗaya. Sai abinci, sai masauki idan ba a da ɗan'uwa a birni, sai yaran da aka bari a gida, sai sana'ar da ta tsaya. Idan damina ce, sai gona. Uwar da ba ta taɓa wuce Ƙonni ba za ta sauka a tasha cikin garin da rabin maganarsa Zabarmanci ne, takardunsa kuma Faransanci. Kafin duk wannan sai ta samu izinin maigida, wanda wataƙila yana Abijan ko Libiya. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A ganina, jika ashirin ta kuɗin mota da aka ba uwa a kan lokaci ta fi keken guragu goma da za a raba bayan shekara goma a gaban masu ɗaukar hoto. Sai dai keken ana ganinsa a talabijin, kuɗin motar ba a gani.

A wasu gundumomin lafiya an gwada karɓar dala ashirin a kan kowane mai zuwa likita, a tara don man motar ɗaukar marasa lafiya. Dabara ce mai kyau ga mai naƙuda. Ba ta shafi yaron da ciwonsa ba na gaggawa ba ne, wanda zai iya jira, kuma saboda zai iya jira ɗin ne ake barinsa har lokaci ya ƙure.

Ta fannin karatu, makarantun da aka gina musamman suna manyan birane: ta makafi ta Soli Abdurahaman da ta kurame ta Hasan Banaba a Yamai, da wasu na kurame a Maraɗi da Damagaram. A Tawa da Ƙonni an bi hanyar buɗe aji na musamman a cikin lakwal ta kowa, inda makaho zai koyi rubutun taɓawa kafin ya shiga cikin sauran yara. Ƙungiyar Handicap International, wadda yanzu ake kira HI, ta yi aikin horar da malamai a kan haka. Manufar daidai ce, domin ba za a gina wa kowane ƙauye makarantar kurame ba. Amma malamin da ke da yara saba'in ko tamanin a rumfar kara, ka ce ya ware lokaci ga yaro guda da ba ya ji, ka san abin da ka roƙa. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Maganar hannu da ake koyarwa a lakwal ta samo asali ne daga ta Amurka, an ɗora ta a kan Faransanci, ba ita ce wadda kurame ke yi a kasuwa da gida ba. Yaro zai dawo hutu da harshen da uwarsa ba ta sani ba. Darasin yamma na iyaye, ko sau ɗaya a mako, zai rage wannan, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa.

Sai maganar kuɗi a hannu. Asusun kare ma'aikata na ƙasa, CNSS, na biyan kuɗin iyali, da na ciki da haihuwa, mace ma'aikaciya kuma tana da hutun haihuwa na mako 14. Wannan na wanda ke aikin albashi ne, wanda mai aikinsa ya rubuta shi. Manomin albasa na Galmi, da mai kabu-kabu, da mai tuyar ƙosai ba sa ciki, su ne kuma kusan kowa.

Domin su aka kawo tsarin tallafin kuɗi a 2011 da taimakon Bankin Duniya, Tawa na cikin jihohin da aka fara da su. Gidan da aka zaɓa ya riƙa karɓar jika goma a wata har kusan shekara biyu, daga baya a shirin Wadata Talaka aka kai jika goma sha biyar. Mace ake miƙa wa kuɗin. Ana haɗa shi da taron wata-wata kan shayarwa, da abincin yara, da wasa da yaro don buɗe masa ƙwaƙwalwa, wanda a ganina shi ne abu mafi kusa da makarantar iyaye da ƙasar nan ta taɓa yi a ƙauye. Zaɓen gidajen kuwa da tambayoyi ake yi: rufin ɗaki, dabbobi, yawan baki, sai kwamfuta ta jera. Daga nan ake samun “sunana bai fito ba”, da zargin maigari ko da ba hannunsa. Tambayoyin suna auna abin da gida ya mallaka, ba su cika auna abin da ke cinye shi ba. Gida biyu masu awaki biyar-biyar ba ɗaya ba ne idan a ɗayan akwai yaron da sai an ɗaga shi an kwantar, ana saya masa magani kowane wata, uwarsa kuma ba ta iya zuwa kasuwa. Sannan shirin ba kowace ƙaramar hukuma ya shiga ba, kuma yana da ranar ƙarewa.

Abin da ba shi da ranar ƙarewa shi ne wanda mutane suka gina da kansu. Asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da tallafin ƙungiyar agaji ta CARE, ya bazu har ya wuce Nijar. Mata na zuba kuɗi kowane mako, suna ba juna bashi, kuma yawancin ƙungiyoyin na da ƙaramin asusu na daban don rashin lafiya da rasuwa. Da yawa daga cikin tafiye-tafiyen asibiti daga wannan akwati suke fitowa, ko daga saƙon ɗan ci-rani. Adar ƙasar tafiya ce. Bayan girbi samari da magidanta sun kama hanya, gida ya koma hannun mata da tsofaffi. Ranar da saƙo ya yanke, saboda an rufe iyaka ko an kama mutum a hanya, a ranar ake sanin cewa shi ne inshorar gidan.

Idan rigima ce ta cikin gida, saki, ko ciyarwa, ko wa zai riƙe yara, mafi yawa a wajen liman da mai unguwa da fadar sarki ake kashe ta. Wadda ba ta gamsu ba tana iya zuwa kotu, akwai alƙalin yara, akwai kuma hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don ba marasa ƙarfi shawara da lauya. Ma'aikatan kare yara na jiha su ke karɓar batun yaron da aka yasar ko ake azabtarwa, ƙauyen renon marayu na ƙungiyar SOS kuma yana Tawa tun 2008. Abin da ke faruwa a ɓoye shi ne, haihuwar yaro mai naƙasa kan zama sanadin mutuwar aure, a ce daga dangin uwa ne, ta koma gidansu da shi, ciyarwa kuma ta tsaya.

Su kansu naƙasassun ba zaune suke ba. Tun kafin zuwan Nasara garuruwan Hausa na da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, masu sauke baƙo, su raba gardama, su karɓi zakka da sadaka a madadin jama'arsu. Yau kuma ga ƙungiyoyin zamani: UNAN ta makafi, da ta kurame, da ta guragu, duk a ƙarƙashin tarayyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, wadda ke da rassa a jihohi. Su suka fi kowa sanin wane likita ne zai zo, da inda ake gyaran keke, da yadda ake cike takardar neman aiki a kason nan na kashi 5, wanda gwamnati ta ɗan motsa a kansa amma kamfanoni masu zaman kansu suka yi kunnen uwar shegu da shi. Mai sabon naƙasasshe a gida, bayan likita, nan ya kamata ya fara zuwa. Ƴan boko kan raina sarakunan gargajiyar suna cewa shugabannin bara ne. Ni dai na ga wanda ya san sunan kowane makaho a gari da ƙauyen da ya fito, ya riga kowane ofishi mallakar rajista.

Bara kuwa sai a yi hattara da haɗa ta da naƙasa. Dokar hukunta laifuka ta haramta bara amma ta cire naƙasassu da tsofaffin da suka haura shekara 60 daga hukunci. Mabaratan Nijar da aka kwaso daga Dakar a jirgi a watan Maris na 2022 yawancinsu mata ne da yara masu lafiyar jiki. Talauci ne da sabo, ba makanta ba. Haka kuma a kowace kasuwa za ka ga gurgu mai walda, da makaho mai saƙar kujera da gado, waɗanda ba su taɓa miƙa hannu ba.

Wani abin da ya sauya lissafi a ƴan shekarun nan shi ne janyewar masu ba da kuɗi daga waje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da yawa sun dakatar da tallafi, wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. A farkon 2025 Amurka ta yanke mafi yawan agajinta a duniya. A Fabrairun 2025 gwamnatin Nijar ta umarci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, CICR, ta rufe ofisoshinta, ita ce kuwa ta daɗe tana tallafa wa sashen ƙera ƙafar roba na babban asibitin Yamai da na Damagaram. Kowa da ra'ayinsa kan siyasar abin. Amma ƙafar roba ba a yin ta sau ɗaya: yaro yana girma, sai an sake masa wata, babba ma tasa na lalacewa. Duk aikin da baƙo ya bari, sai an samu layinsa a kasafin ƙasa, in ba haka ba ya mutu a tsaye da ma'aikatansa da injunansa.

Akwai kuma hidimar da ba a taɓa kafa ta ba balle ta mutu: hutun mai jinya. Uwar yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu wajen haihuwa ba ta zuwa biki, ba ta zuwa gaisuwar mutuwa, bayanta ya ƙage da goyon yaron da ya kai rabin nauyinta. Sau da yawa babbar ɗiyarta ake cirewa daga lakwal ta taya ta, naƙasar mutum ɗaya ta cinye karatun mutum biyu. Wannan ba ya buƙatar likitan ƙashi ko jirgi. Ɗaki ɗaya a unguwa, da mata biyu da aka koya wa yadda ake zaunar da yaro da ba shi abinci ba tare da ya shaƙe ba, da motsa masa gaɓoɓi, safiya uku a mako. Ƴan sa-kai na lafiya da ke bi gida-gida lokacin rigakafi da rabon maganin zazzaɓin damina sun riga sun san gidajen da irin yaran nan suke. A ƙara musu shafi ɗaya a littafinsu, da lambar wanda za su kira. Gidajen rediyon gari kuma su riƙa faɗin ranar da likitocin ido ko na ƙashi za su sauka tun da sauran mako biyu, ba ana gobe ba.

Irin wannan kashe kuɗi na ƙaramar hukuma ne, ba sai an jira Yamai ba. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024, kasafin yana hannun jami'an da aka naɗa su riƙe su. Ana tsara na shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, don haka reshen FNPH da ƙungiyoyin mata da ke son a sa layin kuɗin motar marasa lafiya ko na ɗakin rainon nan, a rubuce za su kai buƙatarsu, da sunayen yaran da unguwanninsu, kafin a rufe lissafi.